Daga Hanyar Ayari Zuwa Urushalima

Mutanen Damargu sun san doguwar tafiya tun kaka da kakanni. Ayarin da ya baro Kano ya ratsa Damagaram, a ƙasar Tanut da kewayenta yake sauke kaya ya auni gero kafin ya fuskanci Abzin, daga can sai Gat da Tarabulus. Amma wata tafiya ta daɗe ba ta shigo cikin lissafinmu ba, mu Kiristan ƙasar Hausa: ziyarar Urushalima da Baitalami da Nazarat. Yau mun saba jin abokai 'yan majami'a ɗaya sun yi adashi sun tafi tare, har mun fara mantawa cewa kakanninmu ba su taɓa mafarkin haka ba.

Ita ziyarar kanta tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekarar 326 Helena, mahaifiyar Sarkin Rum Kustantin, ta je ƙasar Falasɗinu tana neman wuraren da Linjila ta ambata. Ɗanta ya sa aka gina majami'a a kan wurin da aka yarda nan ne kabarin Yesu, aka keɓe ta a 335. Daga nan hanya ta buɗe. Wata mata mai suna Ijeriya ta taso daga yammacin Turai, ta shafe shekarun 381 zuwa 384 tana yawo tsakanin Dutsen Sina'i da Dutsen Nebo da Urushalima, tana rubuta wa ƙawayenta na gida duk abin da ta gani. Hakan ya nuna mana cewa tun fil'azal mai ziyara yana tafe da mutanensa a zuci, ko da bai tafi da su a ƙafa ba. Da birnin ya koma hannun Halifa Umar wajen 638, an bar majami'ar ga masu ita, kuma har yau gidaje biyu na Musulmi, na Judah da na Nusaiba, su ke da amanar mabuɗinta da buɗe ƙofarta. Sufayen Habasha ma sun daɗe da samun mazauni a can. Sai a 1869 Thomas Cook, Baturen Ingila, ya fara kwasar mutane rukuni-rukuni da jagora da tanti da kuɗin da aka yanke tun daga gida, wato irin tsarin da muke bi yanzu.

Mu kuwa a lokacin ko sunayen wuraren ba su iso mana da harshenmu ba. Abin sha'awa shi ne ta hanyar ayarin nan tamu suka biyo. A watan Janairun 1851 Bature mai yawon bincike Barth da abokan tafiyarsa Richardson da Overweg suka iso Damargu daga Abzin, a nan suka rabu kowa ya kama gabansa. Da Barth zai koma Turai a 1855 ya tafi da wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka 'yanto daga bauta. Da bakin wannan yaro ne malamin mishan Schön ya gyara Hausarsa a Ingila, ya shiga fassara littattafan Linjila. Bayan kusan shekara arba'in da biyar, Dokta Walter Miller ya je Tarabulus, ƙarshen wannan hanya, ya koyi Hausa wajen Hausawan da ke can kafin ya zauna Zariya a 1905, daga baya mishan ɗinsa ya koma Wusasa a 1929. A ɓangaren Nijar, 'yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, sannan Tsibiri, sannan asibitin Galmi a 1950. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932.

A ganina wannan shekara ce mafarin ziyararmu ta gaskiya, ko da yake babu wanda ya motsa daga gida. Daga lokacin ne yaro a makarantar Lahadi ya fara furta Kogin Urdun da Tekun Galili da Yariko kamar sunayen garuruwan dangi. Manomin gero ya ji labarin mai shuka, makiyayi ya ji na tunkiyar da ta ɓata, ba wanda ya nemi a yi masa dogon bayani, domin ƙasar da ake ba shi labarinta ta jaki ce da rijiya da fari. Sai dai ga tsofaffinmu na wancan zamani Urushalima ta fi kusa da sama fiye da ƙasa. Suna rera ta a waƙa, suna sa zuciyar shigarta bayan mutuwa, ba su ɗauke ta garin da ake sayen tikitinsa ba.

Waɗanda suka riga mu taka ƙasar maƙwabtanmu ne Musulmi. Alhazan ƙafa da suka bi ta Barno da Wadai da Sudan, tafiyar da kan ci shekaru, wasunsu bayan Makka sun zarce Birnin Ƙudus, wasu ma suka zauna. Zuriyarsu, tare da ta mutanen Cadi da Sudan da Senegal, tana nan a wata 'yar unguwa daf da ƙofar Masallacin Aƙsa. Kuma gaskiya ita ce daga hajji muka ga yadda ake yi: rakiyar matafiyi da tarbarsa, tsaraba, kaya iri ɗaya, har da laƙabin da ake samu bayan dawowa. Haruffan JP da Kiristan Najeriya ke maƙalawa bayan sunansa in ya dawo daga Urushalima ƙanen Alhaji ne, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 jirgin sama ya rage nisa, amma siyasa ta shiga tsakani. Najeriya da Nijar duka sun yanke hulɗa da Isra'ila a 1973. Najeriya ta maido da ita a 1992, jihohi da dama suka riƙa ɗaukar nauyin maniyyata Kirista kamar yadda suke yi wa alhazai, har aka yi dokar kafa hukumar maniyyata Kirista ta ƙasa, NCPC, a 2007. A watan Oktoban 2013 Shugaba Goodluck Jonathan da kansa ya bi maniyyata. Nijar kuwa ta maido da hulɗa a 1996 ta sake yankewa a 2002, ga shi Kiristanta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba a ƙidayar 2012. Wannan ne ya raba rabon ɗan majami'ar ECWA na Kano ko Zariya da na ɗan majami'ar EERN na Maraɗi ko Damagaram. Na farko yana iya sa rai da kujerar gwamnati. Na biyu, balle wanda aiki ko kasuwa ta kai shi Tanut ko Balbeji, abin da ya fi dogara da shi bayan Allah shi ne aljihunsa da abokansa.

Ban ga laifin kujerar gwamnati ga talakan da ta kai shi ba, amma ta jawo kamun ƙafa da 'yan rakiya, da masu sulalewa su ɓace a can don neman aiki. Tafiyar da abokai suka tara kuɗinta jika-jika ta fi kama da ta mutanen farko. Su ne za ka ga sun sunkuya ɗaya bayan ɗaya a gajeriyar ƙofar majami'ar haihuwa a Baitalami, sun bi zango goma sha huɗu na hanyar gicciye ta cikin kasuwa, sun tsaya ƙarƙashin tsofaffin itatuwan zaitun na Gatsemani wani ya buɗe Littafi ya karanta da Hausa. Wasu kan yi mamakin ƙanƙantar Kogin Urdun, don wanda ya san Kwara ba zai kira shi kogi da cikakken baki ba, duk da haka sai sun cika gora da ruwansa saboda tsohuwar da ba ta samu zuwa ba.

Annobar korona ta rufe hanya a 2020, sai hukumar Najeriya ta juya akalar maniyyata zuwa ƙasar Jodan a 2021, inda Dutsen Nebo yake, da Al-Magtas, wurin baftismar da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoban 2023 ya sake katse zirga-zirga, Baitalami da ke ci daga hannun baƙi ta yi bikin Kirsimeti na shekarar babu ado babu taro, masu sassaƙa gicciyen itacen zaitun da muke sayowa tsaraba, waɗanda yawancinsu Kiristan Falasɗinu ne, suka zauna a shaguna ba mai saye.