Hawan Daba Don Baƙin Sarauta Daga Ingila

Hawan daba, yadda aka san shi a zamanin Turawa, ya samo asali ne daga hawan sallah na masarautun Arewa. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta tattara sarakuna wuri guda ta mai da shi bikin tarbar manyan baƙi. A 1925 an yi wa Yariman Wales, Edward, irin wannan hawa a Kano, zamanin Sarki Usman na Biyu.

An kuma yi wani a Kaduna a Fabrairun 1956, lokacin ziyarar Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Shehun Borno Umar Sanda Kyarimi sun halarta da jama'arsu. Tawagar Borno ta sha doguwar tafiya, domin layin dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964.

A filin sukuwa, kowace masarauta ta wuce da mahayanta sanye da sulke da lifidi, ana busa algaita da kakaki, makaɗa da masu rawa na biye a ƙasa. Daga ƙarshe barade suka yi jahi: su sako dawakai a guje, su ja linzami daf da rumfar baƙuwa, su ɗaga makamai sama. Gaisuwa ce da a gida sarkinsu kawai suke yi wa.