Lasisin aikin awon ido da bambancinsa tsakanin jihohi

Lasisin aikin awon ido shi ne izinin da doka ke bai wa mutum ya duba lafiyar ido, ya auna ƙarfin gani, ya rubuta tabarau, ya kuma yi maganin wasu daga cikin cututtukan ido. A makarantun lafiya ana kiran mai wannan sana'a oftometiris, a Hausa kuma likitan awon ido. Ƙasashe sun bambanta kan wanda ke ba da wannan izini. A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata lasisin, kuma abin da aka halatta wa likitan a wata jiha yana iya zama laifi a maƙwabciyarta. A Najeriya lasisin ɗaya ne, na tarayya, yana aiki a jihohi 36 da Abuja. Abin da ke sauyawa daga jiha zuwa jiha shi ne rajistar wurin aiki da kuma yadda ake sa ido a kansa.

Ma'aikatan ido da hukumominsu

A bakin jama'a duk wanda ya duba ido "likitan ido" ne, amma doka ta raba su. Likitan tiyatar ido ya fara da karatun likitanci gaba ɗaya, sannan ya ƙware a ido. Shi ke yin aikin yanar ido da sauran tiyata, kuma rajistarsa tana hannun MDCN, majalisar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya. Likitan awon ido karatunsa daban ne tun daga shekarar farko a jami'a. Akwai kuma mai haɗa tabarau, wanda ke yanka gilashi ya ɗora shi a kan firam bisa awon da aka rubuta masa, ba shi da hurumin yin awon da kansa. Nas-nas masu ƙwarewa a ido suna ƙarƙashin majalisar nas-nas da ungozoma ta ƙasa.

Dokar Najeriya

An kafa ƙungiyar likitocin awon ido ta Najeriya a 1968, kuma Jami'ar Benin ta fara koyar da fannin a shekarun 1970, amma sana'ar ba ta samu dokar kanta ba sai a 1989. A shekarar ne gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta fitar da Doka mai lamba 34, wadda ta kafa ODORBN, hukumar rajistar likitocin awon ido da masu haɗa tabarau. Dokar tana nan a kundin dokokin tarayya na 2004 a matsayin babi na O9. Tsarin mulkin 1999 ya ƙarfafa wannan tsari, domin ya sanya tsara sana'o'in ƙwararru da Majalisar Tarayya ta ayyana cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Wannan ne ya sa babu majalisar dokokin jihar da za ta iya ƙirƙiro nata lasisin awon ido.

Hanyar samun lasisin iri ɗaya ce ga ɗan Kano da ɗan Abiya. Ɗalibi zai yi shekara 6 a jami'ar da hukumar ta amince da ita, ya fito da digirin da ake taƙaitawa OD. Jami'ar Bayero ta Kano na cikin masu wannan sashe, tare da Jami'ar Benin, Jami'ar Jihar Abiya da ke Uturu da Jami'ar Ilorin. Bayan kammalawa ana yi masa rajistar wucin gadi, ya yi shekara guda yana aikin koyo a ƙarƙashin ƙwararru, kafin cikakkiyar rajista. Daga nan lasisin aiki na shekara ɗaya ne: ana sabunta shi duk shekara, da biyan kuɗi da kuma shaidar halartar kwasa-kwasan ƙaro ilimi. Wanda ya yi karatu a ƙasar waje sai hukumar ta tantance takardunsa kafin ya taɓa majinyaci.

Dokar ta kuma shata iyakar aikin. Ta ambaci binciken ido, gyara matsalar gani da tabarau ko gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, kayan taimakon masu raunin gani, motsa jijiyoyin ido, taimakon gaggawa, da kuma gano da magance ƙananan cututtukan ido waɗanda ba sa barazana ga ido ko ga gani. Kalmar "ƙananan" ita ce inda gardama take, domin dokar ba ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya ba, kuma likitocin awo da na tiyata ba koyaushe suke fassara ta iri ɗaya ba. Tiyata dai ba ta cikin jerin.

Inda jihohi suka bambanta

Lasisin mutum abu ɗaya ne, izinin buɗe asibiti wani abu ne daban. Na biyun yana hannun jihohi. A Kano hukumar PHIMA, wadda aka kafa a zamanin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, ita ke yi wa asibitoci da ɗakunan shan magani masu zaman kansu rajista, tana duba su, tana kuma rufe waɗanda suka saɓa ƙa'ida. A Legas aikin na hukumar HEFAMAA ne, wadda dokar gyaran fannin lafiya ta jihar ta 2006 ta kafa. A Abuja wani kwamiti ne na hukumar birnin tarayya, a jihohi da dama kuma wani sashe ne kawai a ma'aikatar lafiya. Kuɗin rajista, sharuɗɗan gini da kayan aiki, da yawan zuwan masu duba wuri duk sun bambanta.

Misali daga arewacin Kano zai fayyace wannan. Dambatta da Kazaure maƙwabta ne, suna jiha ɗaya har zuwa 1991 da aka cire Jigawa daga Kano. Likitan awon ido da ke aiki a Dambatta yana iya duba marasa lafiya a Kazaure da lasisin da ke hannunsa, ba tare da wata sabuwar jarrabawa ba. Amma idan zai buɗe reshe a can, rajistar PHIMA ba za ta yi masa amfani ba, sai ya nemi ta hukumomin Jigawa. Haka abin yake ga wanda ya tsallaka daga Tsanyawa zuwa Jihar Katsina. Idan kuwa ya wuce Daura ya shiga Jamhuriyar Nijar, lasisin kansa ya daina aiki.

Jihohi sun kuma bambanta a matsayinsu na masu ɗaukar ma'aikata. Kowace jiha ita ke yanke adadin likitocin awon ido da za ta ɗauka, da albashinsu, da asibitin da za ta tura su. Ga talaka, wannan bambancin ya fi na takarda tasiri.

Tsarin Amurka

A Amurka jihohi ne ke da ikon tsara sana'o'i. Minnesota ce ta fara dokar lasisin awon ido a 1901, sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, gundumar birnin Washington ta zo ƙarshe a 1924. A yau duk jihohin suna neman digirin OD na shekara 4 bayan digirin farko, kuma suna amfani da jarrabawar hukumar ƙasa ta NBEO, wadda aka kafa a 1951. Daga nan hanya ta rabu. Jihohi da yawa suna ƙara tasu jarrabawar kan dokokin jihar, sa'o'in ƙaro ilimi da lokacin sabunta lasisi ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya ƙaura sai ya nemi sabon lasisi.

Babban bambancin yana kan abin da aka yarda likitan ya yi. Rhode Island ce ta fara ba su izinin amfani da magungunan bincike, irin ɗigon da ke buɗe ƙwayar ido, a 1971. West Virginia ta ba su izinin rubuta maganin warkarwa a 1976. Oklahoma ta amince musu da wasu ayyukan hasken lesa a 1998, Kentucky ta bi a 2011, Louisiana a 2014. Massachusetts kuwa ba ta yarda su yi maganin hawan jinin ido ba sai a 2021, bayan duk sauran jihohin sun yarda. A Kalifoniya majalisa ta zartar da ƙudirin ba su izinin lesa a 2022, gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu. A kusan kowace jiha ƙungiyoyin likitocin tiyata sun yi adawa da faɗaɗawar da hujjar ƙarancin horo, masu goyon baya kuma suna kafa hujja da ƙauyukan da ba su da likitan tiyata ko ɗaya. Birtaniya ta fi kama da Najeriya, domin majalisa ɗaya ce, wadda dokar 1958 ta kafa, ke yi wa kowa rajista.

Halin da ake ciki a karkarar arewacin Kano

Yankin Bichi, Dawakin Tofa, Dambatta, Makoda, Kunchi da Minjibir na cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, gonakin gero da dawa da gyaɗa sun haɗe da juna, ƙauye na hango ƙauye. Amma manyan cibiyoyin ido suna cikin birni: Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Murtala Muhammad, Asibitin Ido na Makka, da Asibitin Ido na ECWA wanda ke aiki tun shekarun 1940. Cibiyar Ido ta Ƙasa kuma tana Kaduna. Saboda haka tazarar da manomi ke ji ba tsakanin dokar Kano da ta Jigawa take ba, tsakanin birni da ƙauye take.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, hawan jinin ido na biye da ita, rashin tabarau mai dacewa kuma shi ne babban dalilin raunin gani marar tsanani. Binciken ya kuma nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, ta hanyar gargajiya aka yi, wato tura yanar zuwa cikin ido da wani abu mai tsini, kuma akasarinsu sun ƙare da makanta. Babu lasisin da ya halatta wannan aiki a kowace jiha.

Inda mai lasisi bai kai ba, mai tebur a kasuwa da mai kemis ke cike gurbin. Tabaran karatu na kasuwa yakan taimaki wanda ya haura shekara 40 ya sake zura zare a allura ko ya karanta Alƙur'ani, kuma ba ya lalata ido. Illarsa ita ce mai sayarwa ba ya auna matsin ido, alhali hawan jinin ido yana cin gani shekaru ba tare da ciwo ba, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ɗigon ido mai sinadarin siteroyid, da ake saye don ƙaiƙayin lokacin hunturu, yana iya ɗaga matsin ido idan an daɗe ana sawa. Ya fi haɗari ga wanda karan dawa ko ƙaiƙayi ya soke wa ido lokacin girbi, domin irin wannan rauni kan kamu da ƙwayar naman gwari, siteroyid kuma yana ƙara mata ƙarfi. Ciwo irin wannan ya wuce "ƙananan cututtuka" da dokar 1989 ta ambata, kuma abin da ake sa ran likitan awon ido ya yi shi ne ya gane shi, ya ba da taimakon farko, ya tura majinyacin ga likitan tiyata da gaggawa.

Ayarin duba ido kyauta da ƙungiyoyi da 'yan siyasa kan kai ƙananan hukumomi su ma ba su fita daga doka ba: duk wanda zai yi awo a cikinsu dole ne ya kasance da lasisin ODORBN na shekarar. Majinyaci yana da damar neman ganin lasisin likita da takardar rajistar asibiti, kuma ana kai ƙara kan likitan ga ODORBN, kan asibiti mai zaman kansa a Kano kuma ga PHIMA.