Makaɗan Mashaya a Landan, 1971 zuwa 1977

Idan ana ba da tarihin kiɗan zamani na Birtaniya, galibi manyan dandamali da fayafayen da suka yi kasuwa ake ambata. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna a ƙarshen shekarun 1970, a ƙuryar mashaya suka koyi sana'ar, gaban mutanen da ba don su suka zo ba. Wannan zango na shekara shida shi ake kira "pub rock", wato kiɗan rok na mashaya.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar "mashaya". A kunnen Bahaushe, wuri ne da mai mutunci ke kauce wa. A Ingila kuwa, ko da yake giya ake sayarwa, mashaya ita ce matattarar unguwa, inda ma'aikata ke haɗuwa bayan an tashi daga aiki, kusan yadda majalisa ko teburin mai shayi yake a garuruwanmu. A wancan lokaci doka ta wajabta a daina sayar da abin sha da ƙarfe 11 na dare, saboda haka duk wasan da za a yi, sai an kammala shi kafin nan.

A farkon shekarun 1970 kiɗan rok ya yi nisa da talaka. Manyan ƙungiyoyi sun koma wasa a zaurukan da ke ɗaukar dubban mutane, da kayan sauti masu tsada da waƙoƙi masu tsawo. Sabon makaɗi ba shi da wurin gwada kansa. Ƙofar ta buɗe ne ta hannun baƙi. Wata ƙungiya daga Amurka mai suna Eggs Over Easy ta zo Landan don ɗaukar faifai, sai shirin ya wargaje. A watan Mayu na 1971 suka shawo kan mai wata mashaya da ake kira Tally Ho, a unguwar Kentish Town, ya ba su daren Litinin, daren da ba a ciniki. Kafin nan kiɗan jaz kaɗai ake yi a wurin. Sannu a hankali jama'a suka cika ɗakin, aka ƙara musu darare. Kafin shekarar ta ƙare sun koma ƙasarsu, amma sun riga sun nuna hanya.

Cikin waɗanda suka kalle su akwai 'yan ƙungiyar Brinsley Schwarz, waɗanda suka riga suka ɗanɗani kuɗar neman suna da gaggawa. A watan Afrilun 1970 an ɗebi 'yan jarida fiye da 100 a jirgin sama zuwa Amurka don su ga wasansu a zauren Fillmore East. Tafiyar ta cika da tangarɗa, jaridu suka yi musu ca, bashi ya hau kansu. Da suka ga yadda ake wasa a Tally Ho ba tare da wata fankama ba, sai su ma suka koma mashaya. Wasu ƙungiyoyi suka biyo baya, irin su Bees Make Honey da Ducks Deluxe, wasu mashayu kuma suka buɗe ƙofa, kamar Hope and Anchor a Islington da Nashville a yammacin birnin.

Da yawa cikin makaɗan nan suna da aikin rana. A ƙungiyar Dr. Feelgood, wadda aka kafa a 1971 a tsibirin Canvey da ke bakin kogin Thames, mawaƙinsu Lee Brilleaux akawu ne a ofishin lauya, mai jita Wilko Johnson ya karanta Turanci a jami'ar Newcastle har ya ɗan koyar a makaranta. Ian Dury, wanda cutar shan inna ta kama tun yana ɗan shekara bakwai, malamin zane ne a Canterbury, kuma da wasu ɗalibansa ya haɗa ƙungiyar Kilburn and the High Roads. Elvis Costello yana aikin kwamfuta a wani kamfanin kayan kwalliya. Joe Strummer da abokansa suna zaune a wani gida da aka bari ba kowa, mai lamba 101 a titin Walterton, daga nan suka samo sunan ƙungiyarsu, The 101ers.

Rayuwar ba ta da sauƙi. Makaɗi shi ne direba, shi ne ɗan dako. Zai loda ganguna da amsa-kuwwa a tsohuwar mota, ya sauke, ya haɗa wayoyi, ya yi wasa cikin hayaƙin taba, sannan ya sake lodawa cikin dare, ga aiki na jiransa da safe. Ladan kaɗan ne, idan an cire kuɗin mai aka raba saura, abin da kowa zai samu bai taka kara ya karya ba. Mai mashaya kuwa ma'auninsa ɗaya ne: cinikin da aka yi a daren. Ƙungiyar da ta kori masu saye ba za a sake kiranta ba.

Wannan matsi shi ya tsara salon kiɗan. Mutumin da ke hira da abokinsa ba zai jira waƙa mai minti goma sha biyar ba, don haka waƙoƙi suka gajarce, kiɗa ya ƙara zafi, aka riƙa cakuɗa sababbin waƙoƙi da tsofaffin da kowa ya sani. Da yake taku biyu ne tsakanin makaɗi da mai sauraro, kuskure ba ya ɓuya. Bahaushe ya ce da koyo akan iya, kuma mai wasa dare uku ko huɗu kowane mako a wuri irin wannan yana samun horon da babu makarantar da ke bayarwa.

Sakamakon bai zo daidai ga kowa ba. Dr. Feelgood sun fara wasa a Landan a 1973, kuma a watan Oktoba na 1976 faifansu mai suna Stupidity, wanda aka ɗauka a gaban 'yan kallo, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Amma yawancin ƙungiyoyin sun kasa kai zafin wasansu cikin faifai. Brinsley Schwarz da Ducks Deluxe duk sun watse a 1975. Abin da ya wanzu shi ne wuraren wasa da mutanen da suka ƙware a cikinsu. A 1976 Dave Robinson da Jake Riviera, waɗanda suka yi aikin manajan ƙungiyoyin mashaya, suka kafa kamfanin faifai na Stiff, wanda daga baya ya fito da Costello da Dury. A watan Afrilun wannan shekara Sex Pistols suka buɗe wa The 101ers wasa a Nashville. Strummer ya ga alƙibla ta sauya, ya bar ƙungiyarsa ya shiga The Clash. Kiɗan fank na matasa, wanda Turawa ke rubutawa "punk", ya gaji dandamalin, kafin ƙarshen 1977 kuma ya rufe sunan magabatansa.

Doka ma tana da hannu a wannan tarihi. Dokar lasin ta 1964 ta yarda makaɗa biyu su yi wasa a mashaya ba tare da izini na musamman ba, amma uku ko fiye sai an nemi lasin daga ƙaramar hukuma. Dokar 2003, wadda ta fara aiki a 2005, ta soke ko wannan rangwamen, makaɗa suka yi ta kuka. Sai a watan Oktoba na 2012 wata sabuwar doka ta ba mashayu a Ingila da Wales damar shirya wasa tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare ga 'yan kallo da ba su wuce 200 ba. A 2015 aka ɗaga adadin zuwa 500.

Tarihi ya riƙe sunayen ƙalilan da suka yi fice, amma mafi yawan makaɗan mashaya ba su taɓa ɗaukar faifai ba. Mark Knopfler, wanda shi ma malamin kwaleji ne kafin ya kafa Dire Straits a 1977, ya tsara waƙarsa Sultans of Swing ne bayan ya ga irin waɗannan makaɗa suna wasa a wata mashaya da kusan babu kowa a ciki. An rushe Tally Ho an gina gidajen kwana a wurin, amma har yau ana wasa a ɗakin ƙasa na Hope and Anchor.