Zaɓen da Bai Kammalu Ba: Daga Lissafin 1979 Zuwa Mazaɓar Gama

A watan Agustan 1979, Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa duk suna cikin tsohuwar Jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Ƙuri'unsu a zaɓen shugaban ƙasa na cikin waɗanda aka yi ta jayayya a kansu har Kotun Ƙoli. Doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Shehu Shagari na NPN ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda talakawa suka bi Malam Aminu Kano da PRP, kashi 19.94 cikin ɗari ya samu. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce ai jiha 12 da sulusi biyu ake nema, ba 13 ba. Kotu ta yarda, aka kauce wa zagaye na biyu.

Da yake NPN ba ta da rinjaye a majalisa, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe, aka raba ministoci, Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama kakakin majalisar wakilai. A 1981 ƙawancen ya watse. Wanda ya yi layi a Roni ya zaɓi PRP bai sami wakilci a wannan gwamnatin haɗaka ba, ba a kuma tambayi ra'ayinsa ba ranar da aka ƙulla ta ko ranar da aka warware ta.

Shekara arba'in bayan zaɓen 1979, mutanen wannan yanki, da kasuwancinsu da rediyon da suke saurare duk na Kano ne, sun ga wani salon. A zaɓen gwamnan Kano na 9 ga Maris 2019, Abba Kabir Yusuf na PDP yana gaban Abdullahi Ganduje na APC da ƙuri'u sama da dubu 26. INEC ta ce zaɓen bai kammalu ba, saboda masu rajista a rumfunan da aka soke sun fi tazarar yawa. Ranar 23 ga Maris aka sake zaɓe a waɗannan rumfuna, ciki har da na mazaɓar Gama, inda masu sa ido suka ba da rahoton 'yan daba da tsoratar da jama'a. Ganduje ya tashi da 1,033,695, Abba 1,024,713.

A takarda ƙa'idar ba ta da aibi: wanda aka hana jefa ƙuri'a yana da haƙƙin a ba shi dama. Matsalar tana wajen aiwatarwa. Idan aka tattara makomar jiha guda a 'yan rumfuna kaɗan, kowa ya kuma san adadin da ake buƙata, to duk kuɗi da ƙarfin hukuma da 'yan jagaliya can za su nufa. Ƙa'idar ma tana iya zama lada ga mai tayar da rikici, tunda wanda ya ga zai faɗi ya san farfasa akwati zai iya sayo masa mako biyu.

Amma a ganina tushen cutar ya fi haka zurfi. Tazarar ƙuri'a 8,982 ta ba ɓangare ɗaya kwamishinoni da kasafi da kwangila baki ɗaya, mutum fiye da miliyan kuwa suka tashi a tutar babu. A Sakkwato, a shekarar, Aminu Tambuwal da ƙuri'a 342 kacal ya tsira. Inda cin zaɓe ke nufin cinye komai, ba abin mamaki ba ne a mai da shi ko a mutu ko a yi rai.

Gyare-gyaren da aka yi kuwa sun fi karkata ga na'ura. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, gindin zama, wanda ya rage aringizon ƙuri'u. Amma shawarwarin kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais na 2008 da suka taɓa ainihin iko, wato cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban INEC, da kafa hukumar hukunta masu maguɗi, da ware wasu kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, har yau suna kan kanta. Waɗanda za su zartar da su su ne masu cin gajiyar tsarin da ake kai.

Kada a ɗauka raba iko magani ne a gonar yaro. A Nijar, ƙawancen AFC ya kai Mahamman Usman ga mulki a 1993, ya rushe a 1994, zaman doya da manja tsakaninsa da Firaminista Hama Amadu ya ƙare da juyin mulkin soja na Ba'are a Janairun 1996. Haɗaka tana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya da jama'a suka sani tun kafin su zaɓa.

Masu ƙuri'a dai suna ta ba da amsarsu. A 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito zaɓen shugaban ƙasa, a 2019 kusan 35, a 2023 kuma kusan 27 daga cikin mutum miliyan 93.