Malam Maman Barka

Malam Maman Barka mawaƙi ne kuma makaɗin gurmi da biram, ɗan Jamhuriyar Nijar. An haife shi a ƙarshen shekarun 1950 a Tesker, cikin jihar Damagaram, a gidan Tubawa makiyaya. Ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018.

Bai gaji kiɗa ba. Karatun boko ya yi, ya zama malamin makaranta, ya yi shekaru yana koyar da yara kafin waƙa ta ja shi. Kayan kiɗansa na farko shi ne gurmi mai tsarkiya biyu, kuma da shi ya yi suna a Nijar da arewacin Najeriya a zamanin kaset. Ya yi waƙa da Hausa da Barbarci da Tubanci da Faransanci. Malantar ba ta sake shi ba ko a kan dandali, domin yawancin waƙoƙinsa jan kunne ne da faɗakarwa kan zaman jama'a.

Babban sauyin ya zo a 2002, lokacin da ya samu tallafin UNESCO ya tafi tafkin Chadi neman biram. Biram kayan kiɗa ne na Buduma, masunta da makiyayan tsibiran tafkin. Tsarkiyarsa biyar, jikinsa kuma dogo ne mai siffar kwalekwale, an rufe shi da fata. Buduma ba sa ɗaukarsa abin wasa; suna danganta shi da Kargila, iskan da suka ce shi ke tsare tafkin. A lokacin, wanda aka sani ya ƙware a kaɗa shi tsoho ɗaya ne, Bukar Tar. Samari sun juya masa baya, ruwan tafkin ma ya janye ƙwarai tun daga fari na shekarun 1970 da 1980, rayuwar da ta haifi kiɗan tana watsewa. Barka, wanda jama'a ke tafa wa a manyan dakunan taro, ya durƙusa gaban tsohon nan a matsayin ɗalibi, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa da harshen Buduma. Bukar Tar ya miƙa masa biram ɗinsa, kuma daga baya tsohon ya rasu.

Daga nan Barka ya fita da biram duniya. Ya kaɗa shi a bikin WOMAD na Ingila a 2008, kuma a 2009 kamfanin World Music Network ya fitar da faifansa mai suna Introducing Mamane Barka. Abokin tafiyarsa shi ne Umaru Adamu, Bahaushe makaɗin duma da kalangu da ƙwarya, wanda shi kam gadon kiɗa ya yi.

Sai dai yawon ƙasashe ba ya haifar da magaji. A ƙasar Hausa, daga Bauchi har Maraɗi, yaro kan koyi kiɗa ne a gidan ubansa, ko kuma ya bi wani maigida a matsayin ɗan amshi har hannunsa ya faɗa. Idan 'ya'ya suka ƙi sana'ar, shi ke nan, ta bi mai ita kabari. Gibin da Cibiyar Koyar da Kiɗa ta Elhaji Taya ke ƙoƙarin cikewa ke nan. An kafa ta a Yamai a 1989, ana kiranta CFPM a taƙaice, tana horar da matasa tana kuma adana kayan kiɗan gargajiya na ƙasar. A nan Barka ya yi aiki, yana koyarwa tare da bincike, ya mayar da abin da ya karɓo daga bakin tsoho ɗaya darasin da kowane ɗalibi zai iya zama ya ɗauka, ko ɗan Buduma ne ko ba shi ba.

Akwai abin dubawa a nan. Biram ɗin da Barka ya koyar a aji a Yamai ya rabu da tsibiri da kamun kifi da tsarin ibadar da ya tashi a ciki, don haka ba daidai yake da na Bukar Tar ba. Amma da Barka bai je tafkin a 2002 ba, da wuya a samu ko wannan ɗin. Har ya rasu, shi aka fi sani a duniya da kaɗa biram.