Duwatsun Ceroki da Kifin Tirawut: Taƙaitaccen Tarihi

Gabatarwa

Duk shekara, masu yawon shaƙatawa kan kafa tantuna a bakin kogin Okonalufti da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, su kwana suna jefa fatsa don kamun kifin tirawut. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan mutanen da suka riga su zama a wurin, wato al'ummar Ceroki.

Kafin Kora

Cerokawa manoma ne, masunta kuma. Sukan jera duwatsu a cikin kogi, shingen ya tsuke daga ƙasa, ruwa ya kora kifi cikin kwando. A shekarar 1821 wani mutuminsu, Sikwoya, ya kammala ƙirƙiro wa harshensu rubutu, inda kowace alama ke wakiltar gaɓa guda. A 1828 suka fara buga jarida da shi.

Kora

Ilimin bai kare su ba. Da aka gano zinariya a Jojiya, sai kwaɗayin ƙasarsu ya ƙaru. Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kora a 1830. Daga 1838 zuwa 1839 aka tasa ƙeyar mutum wajen 16,000 zuwa yankin da ake kira Oklahoma a yau. An ƙiyasta cewa kimanin 4,000 sun rasu saboda sanyi, yunwa da cuta, shi ya sa ake kiran tafiyar Hanyar Hawaye. Wasu kuwa sun tsira a cikin duwatsu. Wani Bature da ya tashi a hannunsu, William Thomas, ya riƙa sayen filaye da sunansa domin su. Filayen nan su ne tushen yankin Kwalla, inda jikokinsu suke zaune.

Makomar Kifin

Tirawut ɗin asali ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi. Da kamfanonin katako suka sare dazuzzuka a farkon ƙarni na 20, inuwa ta gushe, laka ta cika rafuka, kifin ya ja baya zuwa can saman duwatsu. Aka kawo wani iri daga yammacin Amurka, ya mamaye gurbinsa. A 1934 ne aka kafa gandun daji na ƙasa a yankin.

Kammalawa

A yau hukumar Ceroki ke kiwon tirawut tana zubawa a rafukan Kwalla, baƙo kuma sai ya sayi izininta kafin ya jefa fatsa. A 2024 dutsen da ya fi tsawo a gandun ya koma amsa sunansa na Ceroki, Kuwohi.