Ƙarar bindiga da kunne: abin da mafarauta, 'yan banga da masu gadi ya kamata su sani

Duk wanda ya fito daga Potiskum ko ƙauyukanta irin su Ngojin ya san yadda al'amura suka sauya tun daga watan Mayun 2012, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanun garin suka kashe mutane da dama. Bindigar da a da ake gani a hannun mafarauci kaɗai ta koma hannun 'yan banga da masu sintirin dare. A nan Kudu ma 'yan uwanmu da yawa gadi suke yi, wasu a gidaje, wasu a kara da kasuwanni irin su Mile 12 a Legas da Bodija a Ibadan. Ana yawan maganar haɗarin harsashi, amma ba kasafai ake maganar ɓarnar da ƙarar harbi ke yi wa kunnen wanda ya danna kunamar ba.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hira tsakanin mutum biyu ba ta wuce desibel 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, wato 88 awa huɗu, 91 awa biyu, haka dai. Harbin bindiga kuwa yana kai 140 zuwa 170, gwargwadon irinta da yawan albarushinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙarar fashewa ta wuce 140 ga babba, 120 ga yaro. Kun ga ke nan harbi ɗaya tal ya isa ya yi illa.

Jama'a sun fi sanin dodon kunne, shi suke tsoron ya fashe. To, dodon kunne in ya tsage yakan warke da kansa cikin makonni. Inda matsalar take can ciki ne, a wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi, mai ɗauke da ƙananan gasu kusan 15,000 a kowane kunne. Su ne ke juya sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa, kuma wanda ya mutu cikinsu ya mutu ke nan, ba ya sake tsirowa. Bayan harbi mutum kan ji kunnensa ya yi dum, ko ya riƙa jin ƙara kamar kukan gyare. Washegari abin ya lafa, sai ya ce ai ya warke, ko ma ya ce kunnensa ya saba. Kunne ba ya sabawa da ƙara. Abin da ake kira sabo, raguwar ji ce.

Wannan kurumta tana da alamarta. Sautuka masu siriri take fara ɗaukewa, irin su s da sh da ts da f, ta bar mutum yana jin muryar mai magana amma kalmomin na kuɓuce masa. A ɗaki shiru yana ji sarai, a tasha ko wurin ɗaurin aure sai ya yi ta cewa "na'am?" Iyali kan riga shi ganewa, don rediyonsa ya fi na kowa ƙara. Akwai kuma wani abin mamaki: mai saɓa doguwar bindiga a kafaɗar dama, kunnen hagunsa ne ya fi lalacewa, saboda shi ne ke fuskantar bakin bindigar, na daman kuma kai da kafaɗa sun ɗan kare shi. Bahago kuwa akasin haka.

Maigadi zai ce, kuma da gaskiyarsa, kunne shi ne jarinsa. Wanda ke sauraren motsin ɓarawo a cikin duhu ba zai toshe kunne ba, kuma ranar da aka kawo hari babu mai tsayawa neman abin toshewa. Rai ya fi kunne, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai a lissafa harbin da mai bindiga ke yi a shekara, nawa ne na kare kai? Mafi yawa gwaji ne bayan gyara, ko harbin sama don ɓarayi su san ana nan, ko farauta, ko buga bindigar toka ranar hawan sallah da biki. Duk waɗannan mutum ya san zai yi kafin ya yi, yana da lokacin da zai kare kunnensa.

Mafi arha shi ne ɗan soson nan na toshe kunne da ake samu a shagunan kayan kariyar ma'aikata. A jikin ledarsa akan rubuta lambar yawan ƙarar da yake ragewa, mafi girma 33, kodayake a aikace ba ya kai haka in ba a sa shi daidai ba. Yadda ake yi: a murza shi da yatsu masu tsabta har ya sirance, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura shi ciki, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura. In ana hangen rabinsa a waje, bai shiga ba. Sai marufin kunne mai kama da na sauraren waƙa, wanda masu aiki a filin jirgin sama ke sawa. Shi kuma hula ko rawani ko sandar tabarau na iya ɗaga shi ƙarar ta shige. Haɗa biyun yana ƙara kimanin desibel 5, ba ninki ba. Auduga da takarda da tsumma, waɗanda mutanenmu suka fi dogara da su, kusan ba sa tare komai. Danna kunne da yatsa ya fi su, kuma shi ya kamata na kusa da mai harbi ya yi.

Akwai marufi mai batir da ke barin ƙananan sautuka su shiga, har ya ƙara musu ƙarfi, amma ya datse ƙarar harbi nan take. Shi ne ya dace da mai sintiri. Yana da tsada ga mutum ɗaya, amma ƙungiyar 'yan kasuwar da ke iya sayen tocila da takalma da man babur ga 'yan banganta tana iya sayen 'yan ƙwarori a riƙa karɓa-karɓa. A kula da inganci fa: a 2023 kamfanin 3M na Amurka ya amince zai biya dala biliyan 6 don sasanta ƙarar da tsofaffin sojoji sama da dubu ɗari biyu suka shigar kan wani matoshin kunne da suka ce bai kare su ba.

Wurin harbi ma yana da tasiri. Harbi a cikin ɗaki ko shago ko mota ko lungu ya fi na fili illa, don bango na dawo da ƙarar. Gajeriyar bindiga ta fi doguwa kusantar da fashewar ga kunne, haka cika wa bindigar toka albarushi don ta yi amo. Yara kuwa a nisanta su, musamman ranar sallah da suke bin 'yan bindiga a guje. Wanda kuma yake gadi da dare, da rana yana injin niƙa ko kusa da janareta, ɓarnar taruwa take yi.

Ta fuskar doka, a ƙarƙashin Dokar Bindigogi ta 1959, kwamishinan 'yan sandan jiha na iya hana riƙe ko da bindigar toka ba tare da lasisi ba, bindigar farauta mai harsashi kuma sai da na Sufeto Janar.

In bayan harbi kunne ya yi jini ko ruwa, ko jiri ya kama mutum, ko ji bai dawo ba bayan kwana ɗaya, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin maganin da likita kan bayar ya fi aiki a kwanakin farko. Kada a ɗiga manja ko man zaitun ko ruwan ganye, kada kuma ruwan wanka ya shiga, don in dodon kunne ya tsage hakan na jawo miki. Gwajin ji ba ya zafi kuma ba ya cin lokaci. Ana yin sa a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da na Maiduguri, sai UCH a Ibadan da LUTH a Legas ga mazauna Kudu.